Kumfa Ba Tafasa Ba Ce

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Rakiya, a Takanamat.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kun sauka lafiya, hanyar nan mai duwatsu ba ta karya muku ƙugu ba. Allah ya sa ɗakin da anka ba ku kusa da lakwal, makarantar da za ki koyar, ya karɓe ku, ya tsare ku da sharrin baƙunta, ya sa ki shiga ajinki da ƙafar dama. Ki gaishe da mijinki Malam Salisu. Maigidana ƙarami Habibu kuwa, ki ja masa kunne, ki ce matarsa ta Tahoua tana fushi, ya tafi bai ko yi mata sallama ba.

Za ki ce ga waya a hannuna, mi ya kai ni ga takarda da wanga rubutu nawa na yaƙi da jahilci mai kama da tafiyar kaza. Na gwada wayar. Sau biyu ina danna lambarki, kafin ta shiga sai in kashe. Abin da zan faɗa miki, in na ji muryarki ba zai fito ba. Ki yi haƙuri da rubutun, ki karanta a tsanake, in kin gama kada ki bar ta inda kowa zai gani.

Na san kin tafi da fushina. Ranar da kuke ɗaure kaya kinka roƙe ni tiya uku ta waken suya da ƙyallen tata guda. Kinka ce hutun haihuwa ya ƙare, tun safe har azahar kina aji, madarar gwangwani ta fi ƙarfinku, sai ki riƙa dama wa Habibu madarar wake ki bar wa maƙwabciya a bibiro, kwalbar shayar da jinjiri. Maganarki ba ta wauta ba ce. Ɗiyar mai awara ce ke, kin tashi kina ganin farar madarar nan tana malala cikin tukunya kullum. Amma ni sai na daka miki tsawa a gaban mijinki, na ce, "Yaro ɗan wata huɗu? Ke ba ki da nono ne?" Na ga idonki ya kawo ruwa. Wanga kuskurena ne na baya-bayan nan, da shi zan fara. Na hana ki abu ban gaya miki dalili ba, na kuma kunyata ki gaban namiji. Ki yafe mini. In watarana kinka tsorata da wani abu game da ɗanki, ki zauna ki faɗi dalili, don wanda anka hana da tsawa, da ya ba da baya zai je ya yi.

Yanzu ga dalilin.

Kin san kina da wa, wanda ya rasu kafin a haife ki. An gaya miki haƙori ne da zazzaɓi sunka tafi da shi. Haka kakarki ta faɗa, haka unguwa ta ɗauka, ni kuma ban taɓa gyara miki zancen ba.

A lokacin babanki yana Abijan wurin bida, kamar yawancin mazan Adar. Yakan zo da damina ya yi noma, ana ɗaure hatsi ya koma. Ni ina gida tare da kakarki, Inna Hawa, Allah ya jiƙanta. Zaman jiran saƙo ya ishe ni, sai na roƙi Hajiya Tabawa, wata 'yar Illela da ke aure a unguwarmu, ta koya mini awara. Ita ke kawo waken ta hanyar Ƙwanni, lokacin mutanen Tahoua da yawa ba su ma san shi ba. Ta koya mini komi: a jiƙa wake, a kai inji da sassafe, a tace da ƙyalle, a ɗora a wuta. Da zarar kumfa ta taso tana neman zubowa, sai a sa ruwan tsami, ta dunƙule, a matse, a yanka, a soya. Hannuna ya karɓi sana'ar. Cikin wata biyu yaran lakwal sun san tirena, ni kuma kaina ya fara girma.

Wanki yana wata shida na gane ina da ciki. Ke ce cikin, Rakiya. Kin san yadda ake kallon kwanika a wurinmu, mace ta yi ciki tana goyo. Mata na haɗa baki in ta wuce, ana cewa ba ta da haƙuri, mijinta ma ba shi da shi. Abin da ya fi wannan, kowa ya yarda nonon mai ciki dafi ne, in yaro ya sha zai yi zawo ya lalace. Inna ta kira ni ɗaki ta ce, "Ɗiyar nan, yau za a cire shi. Nonon ya ɓaci." Ba ta yi don mugunta ba, abin da ta gada ke nan, kuma ta fi ni son yaron. Anka shafa mini ɗaci, rana ɗaya anka raba shi da nono. Kwana uku yana kuka yana cusa kai cikin rigata, ni ina juya masa baya.

Daga baya ungozomar asibiti ta gaya mini nonon mai ciki ba ya ɓaci. In uwa na da lafiya tana cin abinci, tana iya shayarwa da cikinta. Da na san haka, da kun sha tare, shi a waje ke a ciki. To ki riƙe wanga. In Allah ya kawo miki ciki Habibu bai isa yaye ba, kada surutun mata ya sa ki fizge masa nono. Ki je awo ki tambaya. Masu haɗa baki ba su za su yi jinya ba.

Da anka cire shi, kunu ya ƙi shiga. Akuyarmu ba ta da ɗa, nonon saniya kuma a bazara sai an bi Fulani har bayan gari. Rannan ina tsaye kan tukunya, na dubi madarar nan fara tas, na ce a raina, ai ga nono Allah ya kawo mini har gida. Na ɗiba na sa sukari na ba shi, ya shanye. Wallahi daɗi na ji kamar an yi mini bushara. Har na riƙa yi wa mata fahari, ina cewa ɗana ba ya jiran akuyar kowa.

Ki lura da yadda nake ɗibar, don a nan ɓarnar take. Ruwan tsami in ya shiga, madara ta zama awara, ba ta shayuwa. Ke nan dole in ɗebi rabonsa kafin in zuba. Ni kuma ina zuba ruwan tsami ne daidai lokacin da kumfa ta taso. Saboda haka kullum, kumfa na tasowa, sai in sa ludayi in cika masa kofi, sannan in zuba tsami a sauran. A ganina ta tafasa. Ta yi zafi, don haka in tsarma ta da ruwan randa ta huce da wuri. In ɗura a kwalba, in goya shi, in ɗauki tire in tafi bakin lakwal. Kwalbar nan tana cikin kwando tun hantsi har bayan azahar, a zafin bazarar Tahoua da kinka sani, wanda ko tuwo ba ya ƙyalewa. Ya yi kuka in ba shi. Wani lokaci nakan ji ta ɗan canza wari, in ce ai warin wake ne.

Cikinsa ya fara kumburi, yana zawo, yana murɗa. Inna ta sa yatsa a bakinsa ta ce haƙori ne. Anka kawo jiƙo, anka rataya masa laya. Can sai kumatunsa sunka cika, ƙafafunsa sunka yi luhu-luhu. Maƙwabta sunka ce, "Kai, madarar nan ta karɓe shi." Ni ma na yarda, har na ƙara masa. Ashe kumburi ne ba ƙiba ba. Rakiya, in kinka ga ƙafar yaro ta cika, ki danna da yatsa. In gurbin yatsan ya zauna bai taso ba, ki ajiye komi ki nufi asibiti. Kuma kada ki yarda a ce miki haƙori ne ke sa zawon da ya wuce kwana biyu. Haƙori ya ɗauki laifin da ba nasa ba a gidaje da yawa.

Sai da ya daina kuka na kai shi dispansar, ƙaramin asibiti. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya dube shi ya dube ni, ya ce, "Yana shan nono?"

Mata cike da benci, rabinsu 'yan unguwarmu. Cikina bai fito sosai ba, na rufe shi da lulluɓi. In na ce an yaye shi, za a tambayi dalili. Sai na ce, "Yana sha."

"Ba abin da kike ba shi ban da shi?"

"Sai ɗan kunu."

Ya ba ni garin nan da ake damawa don zawo, da ƙwayoyi, ya ce in ƙara ba shi nono sosai, in dawo jibi. Na dawo gida na ci gaba da ba shi abin da nake ba shi, don ba ni da wani nonon. Ban koma jibin ba, kunya ta hana ni. Kwana shida bayan nan, da hantsi, yana bayana ina tata, na ji goyon ya yi nauyi. Wata goma ya yi a duniya.

Na sani kwana in ya ƙare ya ƙare, ba mai ƙara wa wani ko daƙiƙa. Amma ƙaryar da na yi wa majo tawa ce, ba ƙaddara ta sa ta a bakina ba. Da na faɗi gaskiya, ƙila da ya kwantar da mu. Kada ki taɓa ɓoye wa likita abin da ɗanki ke ci, ko mi ne ne, ko wa ke zaune a bencin. Kunyar yini ɗaya ce, ta wuce.

Har a lokacin ban zargi madarar ba. Bayan kwana arba'in na koma tukunya. Hajiya Tabawa ta dawo daga Illela, ta shigo yi mini ta'aziyya, ta iske ni a madafa. Muna magana kumfa ta taso. Hannuna da ya saba, sai ya kai ludayi ya cika kofi, na ce bari in sha tunda ciki gare ni. Ta kama hannuna.

"Mi za ki yi da wagga?"

"Sha zan yi, Hajiya."

"Ɗanya?"

Na ce ai ta tafasa, ga kumfa har baki. Ta karɓi muciya, ta ja itace baya, ta yayyafa ruwa kumfar ta kwanta. Ta ce in leƙa. Na leƙa, na ga madarar kwance lumui, ko motsi ba ta yi. Ta ce, "Wake mayaudari ne, kumfarsa na riga tafasa tasowa. Mu masu awara ba ruwanmu, don tsami zai kama ta, mai kuma zai ƙarasa ta a kasko. Amma ta sha, sai kumfa ta kwanta, ta yi ta juyawa a wuta kina motsawa, kamar tsawon da za ki yi alwala ki yi salla ki yi lazimi. In ba haka ba, babba ma sai ta murɗa masa ciki."

Ta dubi kofin, ƙaramin kofi ne mai hannu, ba na manya ba. Ta ce, "Shi ma haka kike ɗibar masa?"

Na juye kofin cikin tukunya. Ta tsaya ta motsa tukunyar nan har ta tafasa ta gaskiya, ta zuba mini tsamin da kanta, ta ɗauki mayafinta ta fita. Har ta koma ga Allah ba ta gaya wa kowa ba. Babanki da ya dawo anka ce masa haƙori, ya ce Allah ya sa mai ceto ne. Sai bayan shekaru na faɗa masa. Ya ce shi ma da yana gida ba zai san bambanci ba.

Kada ki ɗauka da na tafasa ta da kyau shi ke nan. Na tambaya daga baya, na kuma tambaya. Madarar waken da muke yi a gida, ko ta kwana tana tafasa, ba nono ba ce. Farinta ne kawai ya yi kama. Ba ta ɗauke da abin da jinjiri ke buƙata, cikinsa kuma bai yi ƙwarin da zai riƙe ta a matsayin abinci ba. Akwai ta gwangwani da ake haɗawa musamman don jarirai, wannan daban ce, likita ke cewa a ba wane. Tamu ta tukunya ba ta jinjiri ba ce. Ni na haɗa uku a kan yaro guda: na ba shi ita maimakon nono, na ba shi ɗanya da ruwan randa, na ba shi wadda ta wuni a rana.

To sai kuma na yi kuskuren da ke kinka biya. Da anka haife ki, tsoro ya kama ni har ya zama wauta. Na rantse ko ƙwayar wake ba za ta shiga bakinki ba. Na shayar da ke shekara biyu cur, wanga kam na yi daidai. Amma da na yaye ki sai ya faɗo a shekarar da damina ta ƙi, hatsi ya yi wuya, dangin babanki na Barmu sunka sayar da bisashe. Ba nono, ba nama, ba ƙwai. Kunun hatsi tsararo nake ba ki safe da marece. Ina soya awara ina sayar wa ɗiyan mutane, ke kina miƙo hannu ina buge shi. Gashinki ya fara ja, wuyanki ya zama siriri. Wanga karon ban tsaya jiran kowa ba, na kai ki awo, na faɗi gaskiya tun daga farko har ƙarshe, ina kuka. Matar da ke awon ta saurare ni, ta ce, "Baiwar Allah, kina da buhun wake a ɗaki kina barin ɗiya da yunwa? Wancan jinjiri ne, wagga ta shekara biyu." Ta koya mini in soya waken sama-sama, in cire ɓawo, in niƙa da hatsi da gujiya, in riƙa dama miki kunu ya dahu sosai. Ranar farko na ba ki da safe. Na zauna ina kallonki har la'asar, ko wurin sana'a ban je ba. Ba abin da ya same ki sai barci. Cikin wata biyu kinka murmure, kinka dawo da ƙiriniyarki.

Ke nan waken ba maƙiyi ba ne, ni ce ban san lokacinsa ba, farko na yi gaggawa, na biyu na yi jinkiri. In Habibu ya cika wata shida, ki fara masa kunu mai garin waken kaɗan-kaɗan, nono na nan bai tsaya ba. In ya wuce shekara, yana cin tuwo yana tafiya, ba laifi ya sha madarar a kofi kamar yadda zai sha fura, wadda anka tafasa ta gaskiya, anka yi yau anka sha yau. Ranar da za ki fara, cokali biyu ya isa, ki sa ido. Akwai yaran da jininsu bai haɗu da wake ba. In kinka ga ƙuraje, ko amai, ko leɓe ya kumbura, ki tsaya, ki kai shi a duba. Ta cikin leda da ake yawo da ita a tasha kuwa, ba ki san tukunyar da ta fito ba, ba ki san tun yaushe ta bar sanyi ba. Ni mai sana'ar ce ke gaya miki.

Akwai kuma zancen da na ji Malam Salisu ya kawo ranar nan, wai ya ji a waya waken suya na mai da ɗa namiji mace, yana hana shi haihuwa. Ki gaya masa cikin ladabi, in ji surukarsa, na tambayi masu asibiti sun ce cin da muke yi ba ya kawo haka. In bai yarda da su ba, ya zo unguwarmu ya ƙirga. Yaran da sunka girma a kan tirena, yau ga su nan da gemu kamar tsintsiya, goron sunan ɗiyansu ya hana mu sakat. Mutane na tsoron abin da babu, abin da ke kashewa kuma yana cikin kwalba a kwando ba mai kallonsa.

Na san duk wanga bai amsa tambayarki ba. Za ki ce, to Inna, na ji, amma gobe da safe ina aji, yaro na kuka, mi za a ba shi? Gaskiyarki. Wa'azi ba ya cika cikin jinjiri. Ki shayar da shi ya ƙoshi kafin ki fita. Ki wanke hannu ki tatsa a kofi mai murfi wanda kinka tafasa, a ajiye a inuwa kusa da randa, a ba shi da cokali kafin rana ta take. Kada ƙyamar tatsar ta hana ki, na san mata na cewa sai ka ce akuya. Su faɗa. In anka fita shan iska, ki sa a kawo miki shi. In shugaban lakwal ya ɗaure fuska, ki gaishe shi ki ci gaba, shi ma nono ya sha.

Amma na yi ta juya abin, na ga maƙwabciyar da ba ki sani ba sai jiya, ba za ta ɗauki ɗan wani ta bi rana da shi kullum ba. Watarana zai yi kuka, ta duba abin da ke kusa ta ba shi, da kyakkyawar niyya, kamar yadda na yi. Don haka na yi shawara da babanki, ya yarda. Na bar wa gwaggonki Aisa tukunya da kasko da tire. Ta yi dariya, ta ce ni da ko ranar salla sai na ɗora wuta, ba zan kwana uku a ƙauye ba. Ta ce masu saye za su watse. Su watse, in na dawo na tara wasu.

Ina nan tafe ranar kasuwarku, a motar da ta kawo miki wagga takarda. Ki shimfiɗa mini tabarma ko a zaure ne, ba na son wani shiri. Zan zauna har Habibu ya fara kunu, ya saba. Kafin in iso, don Allah, don darajar iyaye, kada komi ya shiga bakinsa sai naki. Na ciyar da ɗa guda da abin da hannuna ya dama, na ga an ɗauke shi a tabarma. Wanga ba zan dama masa komi ba. Goyo kawai zan yi, in rana ta ɗaga in kawo miki shi bakin aji, in tsaya a waje har ya ƙoshi.

Allah ya raya mana shi, ya sa ya yi miki abin da wanki bai samu ya yi mini ba. Allah ya cika ƙirjinki, ya ba ki ƙarfin tsayuwa gaban allo da ƙarfin goyo. Ya tsare ku daga ciwon da ba a gane shi da wuri, ya tsare hanyar da ke tsakaninmu har in ga fuskokinku. In kin idar da salla, ki sa wanki a addu'a, ki sa ni.

Ni ce mahaifiyarki,
daga Tahoua.